Zana Ashirin da Lemon Bakin Rijiya

A shekarar da awaki suka cinye zogalen maiɗakina, muka yanke shawarar kewaye lambunta da ke kusa da tabkin Madarumfa. Zana ashirin Allah ya hore mana. Ita tana son shingen ya yi tsawo ya haɗa da ɗan itacen lemon da ta dasa a bakin rijiya, amma tana tsoron fangalin zogale su ragu, don da shi take ciyar da gida a rani.

Ni a ganina zana ashirin, ko yaya aka jera su, fili ɗaya za su kama. Maƙwabcinmu, Kirista mai koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ya ji ni ya yi dariya. Ya ce tsawo da faɗi dole su tashi goma, amma abin da ke ciki yana canzawa.

Bayan la'asar na zauna na zana a ƙasa da lambobin da na koya a allo, kowane fili mai tsawon zana ɗaya da faɗin zana ɗaya fangali guda. Tara da ɗaya, fangali tara. Takwas da biyu, sha shida. Biyar da biyar, ashirin da biyar. Na maimaita, na yi tasbihi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shida da huɗu, ashirin da huɗu. Daga ƙasa ana hawa da manyan taku, kusa da ƙoli kuma da ƙyar ake motsawa.

Na tambayi Mushe dalili. Ya ce in tuna tabki a ƙarshen damina, ranakun da ruwa ya daina hawa bai kuma fara janyewa ba. Ya ce wannan tsayawar suke koya wa ɗalibai nema, nan mafi yawa yake.

Muka auna da igiya. Lemon yana shiga a zana ta shida.

“Malam, nawa zan rasa?” in ji maiɗakina.

Na ce fangali ɗaya.

“Ɗaya tal? Shi ya hana ka shan shayi tun ɗazu?”

Muka kafa shida da huɗu. Lemon ya tsira, bana ma Mushe ya sami kwandonsa na lemo. Har yanzu nakan zana lambobin nan a ƙasa, ina mamakin yadda Ubangiji ya shimfiɗa ƙolin ya bar mana wurin juyawa.