Inda Sawun Taguwa Ya Ƙare

Ranar kasuwar da ta wuce, a Belbeji, wani makiyayi ya tsiyayo mini ruwa daga salkarsa. Ina kai ƙoƙon baki na tsaya. Warin fata ne da bagaruwa, da ɗumin nan na ruwan da ya wuni a gefen jaki. In ka taɓa shan ruwan salka ka san abin da nake nufi. Wasu ƙishi yake tuna musu. Ni tsoro yake tuna mini, wanda na ɗauka a cikina wata bazara ina ɗan shekara goma sha uku.

A lokacin ina ajin farko na kolej a Tanut, ina zaune wajen ƙanwar mahaifiyata, sai an yi bakansi, wato hutu, nake komawa ƙauyenmu a ƙasar Gangara. Muna da wani mushe, wato malamin makaranta, saurayi daga Damagaram, mai son mu san fiye da abin da ke cikin littafi. Wata rana ya gama darasi da sauran lokaci, sai ya ɗauki alli ya ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyar allo. Ya ce mu duba da kyau. Ya ce rana da wata da taurari da ƙasar da muke takawa, duka sun taɓa kasancewa a dunƙule cikin abin da bai kai ƙwayar gero ba, sannan abin ya fashe. Ya ce masana sun gane haka ne domin sun ga komai na sama yana gudu yana nisantar ɗan'uwansa, sai suka bi gudun da baya har suka iso ɗigon. Wata yarinya ta tambaye shi, kafin ɗigon fa? Ya ce babu kafin, domin lokaci ma daga nan ya fara. Ya ƙara da cewa gudun bai tsaya ba har yanzu, kuma wata rana komai zai yi nisa da komai, ya huce, ya yi duhu.

'Yan ajinmu suka yi dariya suka fita cin ƙosai. Ni na kasa tashi daga benci.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kalmar nan ta "babu" ce ta shige ni ta ƙi fita. Na san babu gero a rumbu, na san babu ruwa a rijiya, amma a nan akwai rumbun, akwai rijiyar. Wannan babun kuwa ba shi da ko gefen da za ka dafa. In ina tafiya da rana tsaka sai in ji kamar ƙasa za ta zame daga ƙarƙashina. In na sa goshi a ƙasa wajen salla sai ɗigon allin ya zo ya tsaya mini, in yi ta istigfari, ina ganin na riga na zama ɗan wuta ba tare da na zaɓa ba. Na rame. Innar da nake wajenta ta ɗauka ciwon shawara ne, ta yi ta ɗura mini jiƙo.

Da na koma gida bakansin bazara, kwana biyu na iya riƙe bakina. A na uku muna cin tuwo da mahaifina da kakana na wajen uba, na faɗa musu duka. Ina tsammanin so nake wani babba ya yi dariya ya ce shirme ne, in samu sauƙi. Ba wanda ya yi dariya. Mahaifina ya cire hannunsa daga akushi, ya ce in abin da ake koya mana ke nan, to na gama lakwal, in an koma makaranta ba da ni ba. Kakana kuwa ya ci gaba da cin tuwonsa a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa.

Shi kakan nan nawa mai bin sawu ne. In dabba ta ɓace a ƙauyukan da ke kewaye da mu, wajensa ake zuwa. Yakan duƙa ya dubi ƙasa ya ce wannan taguwa ce mai ciki, tana ɗingisa ƙafar hagu ta baya, jiya da la'asar ta wuce. A shekarun da nake ba ka labari ya tsufa, idonsa ɗaya ya fara yin fari, mahaifina ya hana shi shiga daji.

Bayan kwana huɗu taguwarmu ta tsinke dabaibayi ta tafi. Ita kaɗai muke da ita, ita ke jan guga, ita ke kai gero kasuwa. Mahaifina yana can wajen ta'aziyya a Olelewa. Da aka idar da sallar asuba kakana ya ɗora salka a kan jaki, ya ce mini, "Ɗan lakwal, zo ka ara mini idonka."

Muka yi arewa. Wanda bai san bazarar ƙasarmu ta Damargu ba ba zai gane ba. Kafin hantsi ya yi ƙarfi iska ta zama kamar ta bakin murhu, ƙarangiya ta cika mini ƙafar wando, itatuwa suka yi ta raguwa har sai ka daɗe kafin ka ga aduwa guda. Sawun kuwa yana nan raɗau a kan rairayi, faffaɗa kamar faifai. Kaka yana bisa jaki, ni ina gaba. Can ya ce in sake faɗa masa maganar mushen nan, kada in rage kome. Na faɗa. 

"Ashe su ma masu bin sawu ne," ya ce. "Ban raina su ba. Wanda ya bi sawun taurari ba ƙaramin ido gare shi ba. Amma tambayarka zan yi. Ni na san tafiyar raƙumi domin na ga dubu, na ga ana haihuwarsu, na ga suna mutuwa. Su duniya nawa suka ga ana haihuwa?"

Na ce guda ce ai, ba ta da ta biyu.

"To wa ya gaya musu tafiyar da take yi yau ita ta yi tana jaririya?"

Ya zunguri jakin, muka ci gaba.

Wajen azahar muka iso wani fako. Fili ne na tsakuwa baƙa, mai tauri kamar daɓe, ya miƙe har inda ido ya gaji. Sawun ya zo bakinsa ya ɓace ɗif. Kaka ya sauko ya duƙa, ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya daɗe. Sannan ya ce in kawo ruwa. Da na zagaya bayan jaki sai na tarar da salkar ta yamutse, cikin jakin a jiƙe. Ƙaya ta huda ta tun ban san yaushe ba. Abin da ya rage bai cika ƙoƙo ba.

Ya kurɓi kaɗan ya miƙo mini sauran. Muka zauna a ƙarƙashin wata aduwa da inuwarta ba ta kai tabarma ba. Sai na lura leɓunansa sun yi fari, kuma da ya yunƙura zai miƙe ƙafafunsa suka ƙi. Ya koma ya jingina da itacen. Na fara kuka.

"Bar kukan nan, ruwa kake zubarwa," ya ce. Muryarsa ta yi nauyi. "Dubi nan. Sawu ya ƙare. Taguwa ta ƙare?"

Na ce a'a.

"Wanda ya biyo sawunta da baya daga wancan gefen, shi ma nan zai iso ya rasa shi. Zai ce fakon nan ne ya haife ta?"

Na girgiza kai.

"To ɗigon mushenka fako ne. Nan idonsu ya tsaya. In sun ce daga nan ba mu gani, sun yi gaskiya. In sun ce daga nan babu, sun faɗi abin da ba su gani ba."

A nan ne tambayar da ta fi kowace ba ni tsoro ta kuɓuce mini, wadda ko ni kaina ban yarda in ji ta ba. Na ce, Kaka, in komai yana da mafari, to Allah fa? Na rufe ido ina jiran mari.

Bai mare ni ba. Ya ce, "Nan kuma nawa sawun yake ƙarewa. Ban gani da ido ba, na yi imani ne, kuma na san a inda na tsaya. Tashi. Kada ka ratsa tsakiya, za ka ɓace. Bi gefen fakon ta hannun dama har ka ga inda ta fita. Dabba mai ƙishi ruwa take nufa."

Na ce ba zan bar shi ba. Ya ɗaga sandarsa da kyar ya nuna mini hanya.

Ban taɓa jin tsoro kamar na wannan tafiyar ba. Na waiwaya sau uku, a na ukun ban ga aduwar ba. Ba tsuntsu, ba ƙuda, ba motsin kome sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmina. Sama fara fat, ƙasa baƙa, ni kaɗai a tsakani. Na ce a raina ga shi nan, ga babun da mushe ya faɗa, na shigo cikinsa da ƙafata. Harshena ya manne da dasashi. Na faɗi sau biyu. Abin da ya hana ni kwanciya shi ne tunanin tsohon can yana jingine da itace yana jira, don haka na ƙura wa bakin rairayin ido na ci gaba, ina karanta duk abin da na haddace, daidai da ba daidai ba.

Rana ta karkata sosai lokacin da na ga faifan nan a kan rairayi, ɗaya, biyu, sun fito daga tsakuwa sun yi gabas. Na bi su ina tangaɗi. Bayan wani tudu na ji kukan shanu da ƙarar kurar jan guga a bakin rijiya. Buzaye ne ke shayarwa, taguwarmu kuwa tana tsaye a cikin raƙumansu kamar ba ta yi laifin kome ba. Na kasa magana, sai nuni. Wata dattijuwa ta riƙe ni ta riƙa ba ni ruwa kaɗan-kaɗan, ɗanta ya ɗora ni a bayan raƙuminsa da salka biyu muka koma.

Mun tarar da Kaka ya zame daga jikin itacen, jakin na tsaye a kansa. Buzun ya jiƙa rawaninsa ya yi ta matsa masa a baki. Da ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ko na same ta.

Daga wannan ranar bai ƙara shiga daji ba. Mahaifina da ya dawo ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Kaka ya bar shi ya gama, sannan ya ce yaron nan zai koma lakwal, ya je ya ji abin da suka gani, ya kuma koyi gane inda ganinsu ya tsaya. Mahaifina bai musa wa ubansa ba. Na koma.

Yau ina aikin duba lafiyar dabbobi, furfura ta fara fito mini. Na karanta abin da ya sawwaƙa a kan maganar nan, na kuma fahimci cewa masu gaskiya a cikin masanan su ma sun yarda lissafinsu yana tsayawa kafin ya kai ɗigon. Masu maimaitawa ne ke faɗar abin kamar da su aka yi. Tsoron bai rabu da ni gaba ɗaya ba, sai dai ya daina hana ni cin abinci.

Yanzu in dabba ta ɓace, babur ake hawa, a yi ta buga waya rijiya-rijiya. Ba na jin akwai saurayi a ƙauyenmu da zai iya duban ƙasa ya gaya maka wa ya wuce. Yaran kuma ba sa tsorata da abin da ya tsorata ni. Kwanan baya 'yata ta zo da waya tana murna, ta nuna mini fashewar ɗigon nan an yi ta da launi ja da shuɗi, har da ƙara. Ta ce, "Baba, ka ga yadda duniya ta fara." Na kalla har ƙarshe. Sannan na tambaye ta, shi wanda ya ɗauki hoton, a ina ya tsaya? Ta yi dariya, ta buɗe baki za ta ba ni amsa. Sai dariyar ta tsaya, ta kife wayar a kan cinyarta, ta daɗe tana kallon ƙasa.