Motar da ta Yini a Ƙofar Shagon Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shekara arba'in da ɗaya yana yankan makulli a wani ɗan shago tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. Shagon bai fi mutum biyu su tsaya ba. Bangonsa duk ƙusoshi ne, kowace ƙusa da damin makullan da ba a fitar wa haƙora ba tukuna, ga teburin ƙarfe, ga magagari kala takwas jere bisa girmansu. A layin ba mai kiransa da sunansa, Mai Makulli kawai ake cewa.

A wurin mahaifinsa, mai gyaran kwaɗo, ya koyi aikin, amma ya wuce shi nesa. Za ka miƙa masa makulli ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya mayar maka, ya juya baya ya fitar da irinsa. Matar Kawu takan ce mijinta ya san sirrin kowace ƙofa a unguwa ban da tasa, don sau uku tana dawowa daga kasuwa ta tarar da shi zaune a dakali, ya baro makullin gida a shago.

Yana da shekara sittin da biyu abin ya faru. Wata safiya wata baƙar mota doguwa ta tsaya daidai bakin shagonsa, ta tare masa haske. Direban ya fito ya sayi ruwa, ya koma, sai mota ta ƙi tashi. Kawu ya ba shi lokaci, da ya ga abin ya ƙi ƙarewa ya fito da kayan aikinsa ya ce a ba shi makullin ya duba. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya share gumi ya ce ai matsalar ke nan, motar ba ta da makulli.

Kawu ya ɗauka ba'a ce. Ya leƙa ta taga ya duba gefen sitiyari inda ramin makulli yake a kowace motar da ya taɓa sani. Babu rami. Sai wani madanni zagayayye mai zoben azurfa.

Direban ya yi masa bayani. Motar ta wata likita ce, ba a fi wata guda da kawo ta ba. Akwai ɗan rimot da take ajiyewa a jakarta. Muddin yana kusa, taɓa ƙofa kawai za ka yi ta buɗe, ka taka birki ka danna madannin ta tashi. Da safen nan ya sauke likitar a asibiti injin na aiki, ta shige da jakarta. Motar ta yi ta ƙara tana rubuta wani abu a allonta, shi kuwa bai kula ba. Da ya kashe ta a nan, shi ke nan. Likitar kuma ta shiga ɗakin tiyata, wayarta a kashe.

Ranar Kawu bai yanka makulli ko ɗaya ba. Ya fito da kujerarsa ya zauna gefen motar, ya tashi ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin hannun ƙofa, ya koma ya zauna. Tambaya ɗaya yake ta maimaita wa direban: ta yaya ƙarfe yake sanin mai shi ya iso? Direban ya ce shi ma tuƙi aka ɗauke shi, ba a gaya masa wannan ba. Kafin azahar direban ya fito, ya danna madannin kulle na cikin ƙofar bisa sabo, ya tura ta, mota ta kulle kanta ta naɗe madubanta, hularsa da abincinsa a ciki. Mai faci ya yi dariya har da riƙe ciki.

Wajen ƙarfe huɗu tasi ta sauke likitar a bakin layi. Mace ce gajeriya, da alamar gajiya a tafiyarta, jaka rataye a kafaɗa. Ba ta ciro komai ba, ba ta ɗaga hannu ba. Saura taku biyar ta iso, fitilun motar suka kawo a hankali, madubai suka buɗe kamar kunnuwan dabbar da ta ji muryar mai ita, wani ɗan haske ya zubo ƙasa daidai inda za ta sa ƙafa. Kawu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya gaya mini daga baya cewa tun ranar da ya fara ganin jirgin sama yana yaro bai sake ganin abin mamaki irin wannan ba.

Likitar ta ba shi haƙurin tare masa shago. Da ta ga yadda yake kallon motar sai ta ciro rimot ɗin ta ɗora masa a tafin hannu.

"Baba, je ka can baya ka taho. Ba ni ta sani ba, wannan ta sani."

Kawu ya tafi har gaban mai fenti, ya jira motar ta kulle, ya taho a hankali kamar mai shiga gaban alƙali. Motar ta kawo masa wuta shi ma. Ya zauna a kujerar direba da rigar aikinsa mai baƙin mai, ya taka birki yadda aka nuna masa, ya danna. Injin ya tashi da wani siririn sauti da sai ka kasa kunne. Ya daɗe hannunsa na kan madannin.

Amma yatsunsa ba su daina aikinsu ba. Yana juya rimot ɗin ya ji wata 'yar tsaga a gindinsa, ya sa farce ya ja. Wani siririn makullin ƙarfe ya zaro daga ciki. Likitar ta ce ita ba ta ma san da shi ba. Kawu ya fito ya shafa hannun ƙofar direba, ya ɓalle wani ɗan murfi, sai ga ramin makulli a ɓoye.

Makullin ba irin wanda ya sani ba ne. Gefensa sumul, babu haƙori ko ɗaya, sai wani kwari da aka sassaƙa a tsakiyarsa yana lanƙwasa kamar hanyar ruwa. Ya roƙi likitar ta bar masa shi na 'yan kwanaki, tunda motar na tashi ba shi. Ta yarda.

Autarsa, wadda ke da shagon gyaran waya a bakin babban titi, ita ta zaunar da shi ta yi masa karatu. Ta ce motar ce ke ta kira a hankali, rimot yana amsawa da lambar da ba a maimaitawa. Ƙarfen kuma an ajiye shi ne don ranar da batir ya mutu. Ta ce irin wannan kwarin inji na musamman ke yanka shi, ba hannu ba. Kawu ya ce ya ji.

Ya wasa ƙusoshi uku ya mayar da su abin sassaƙa. Ya lalata guntayen tagulla goma sha huɗu. Matarsa ta ce ko miya aka zuba masa sai ya ja layi a cikinta da cokali. Rana ta goma sha ɗaya ya aika wa likitar.

Da ta zo da motar, aka bar rimot can cikin shagon fenti. Kawu ya zura makullin da ya sassaƙa, ya murɗa, ƙofa ta buɗe. Nan take motar ta ɓarke da jiniya, fitilu na walƙiya, layin duka ya fito. Likitar ta ruga ta ɗauko rimot ta kashe, tana dariya. Kawu kuwa ko gezau; ya tsaya yana kaɗa kai.

"Kun gani? Ta buɗe, amma ta san ba mai ita ba ne."

Likitar ta ba abokan aikinta labari, su ma suka ba wasu. Cikin shekara guda Auta ta kwaso kayanta ta dawo layin, suka karɓi shagon mai fenti da ya tashi, suka fasa bangon tsakani. Ita ke haɗa rimot da kwamfuta, shi ke yanka ƙarfen cikinsa. Sun sayi injin daga baya, amma duk abin da ya fito daga ciki sai Kawu ya bi shi da yatsa kafin a ba mai shi.

Yanzu ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, Auta ce ke karanta masa lambobi. Makon jiya na biya ta shagon ban same shi ba. Auta ta ce wani ya zo da labarin motar da ake buɗewa da wayar hannu, tana can garejin bayan kasuwa. Kawu ya sa takalmi, ya ce mata in an zo nemansa a ce ya tafi makaranta.