Damben da ya cinye mini miji yana raye

A lokacin ban daɗe da zuwa Kano daga kudancin Kaduna ba. Ina aikin ƙunshe alewa a wani kamfani a Sharaɗa, maigidana kuma yana dakon fatu a wata majema a Challawa. Ɗaki ɗaya muke haya a Panshekara, mu da 'yarmu. Mutum ne dogo, ƙaƙƙarfa, ga kunya, abokan aikinsa kullum suna tsokanarsa wai girman banza.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci ya wuce gidan kallo, ya dawo yana rawar jiki. Ya ce ya ga wani basamuden ɗan damben Rasha da ya zama zakaran duniya, ga shi ƙato kamarsa amma duniya tafa masa take yi. Daga ranar ya shiga koyon damben zamani wajen wani tsohon soja a Bompai. Ban hana shi ba, don ban taɓa ganin fara'arsa irin ta lokacin ba. Ya ci wasanni, masu tsokanarsa suka koma kiransa Ɗan Rasha, ni ma har sabon kitso nake yi in je kallo.

A wani wasa ya sha naushi a gefen kai. Ya dawo yana amai, yana cewa haske na damun idonsa. Muka ɗauka zazzaɓi ne, mai kyamis ya haɗa mana magani. Tsohon sojan ya ce ya huta, sai ga wasan zaɓen waɗanda za su wakilci jiha. Na roƙe shi ya bari, ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, in ya ci wannan na daina tsayuwar kamfani. A gabana ya faɗi a zagaye na biyu, naushin ma bai kai waɗanda ya saba sha ba. A asibiti likita ya ce tun dukan da ya sha a wancan wasan jini ke taruwa a kansa, da mun zo da wuri da an shawo kan abin.

Ya rayu, amma ba shi ya dawo gida ba. Cokali ma sai na riƙe masa. Yana kiran 'yarmu da sunan ƙanwarsa. Wata safiya ina shafa masa mai, ya dube ni cikin ladabi ya tambaya ko na san inda matarsa take, wai ta daɗe ba ta zo ba. Na ce masa tana hanya, na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Mu kambun zakaran duniyan nan muka gani a talabijin, ba mu ga likitocin da ke bayan mai kambun ba. Ban ce kowa ya bar burinsa ba. Amma 'yan uwa, in naku ya sha duka a kai ya dawo yana amai, ko zai yi fushi da ku shekara guda, ku ja shi asibiti. Gara ya yi fushin yana sane da ko ku su waye.