Gwaggo Rabi da Audugar Rimi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni a gidanmu na Madabo. Ba a watan da ta rasu na fi tuna ta ba. Na fi tuna ta idan bazara ta kawo kai, iska ta yi ɗumi, hancina ya fara ƙaiƙayi.

A bayan gidanmu akwai wani tsohon rimi. Idan 'ya'yansa suka bushe suka fashe, audugar takan tashi fara fat, ta yi ta shawagi a saman unguwa kamar ba ta da niyyar sauka. Can sai ta sauka a bakin randa, a kan shanya, a gemun dattawan da ke hira a ƙofar gida. Yara su yi ta binta suna cafka. Ni kuwa ta taga nake kallo, idanuna jajur sun kumbura, atishawa ba ƙaƙƙautawa.

Wata shekara abin ya yi tsanani har Baba ya yi magana da masu saran itace. Gwaggo ta same shi a zaure. Ba ta yi masa gardama ba, ta dai tuna masa cewa a inuwar nan suka yi wasan ƙasa, kuma rimi adon gari ne, ba na gida ɗaya ba. Sannan ta ce, "Yaya, ka ba ni bazara ɗaya. In yarinyar nan ba ta samu sauƙi ba, ni da kaina zan kira su."

Da shekara ta zagayo, tun rimin bai yi fure ba ta fara shiri, don a wurinta rigakafi ya fi magani. Kowace safiya cokalin zuma da ɗan habbatussauda. Ta kwashe matasan kai masu audugar rimi daga ɗakinmu. Ba a shara sai an yayyafa ruwa. Da audugar ta fara tashi, ta jiƙa tsohon zani ta rataya a taga, in na dawo daga makaranta kuma ta sa ni wanke fuska, in shaƙi ruwan ɗumi mai ɗan gishiri in fyace. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne surace. Ta tafasa citta da kanumfari da na'a-na'a, ta lulluɓe mu da mayafi mu biyu. A cikin tururin nan duniya takan yi nisa, ba na ganin komai sai hasken rana da ya ratso zaren mayafi, muryarta na zuwa a hankali tana cewa in ja numfashi, kada in yi gaggawa.

Sauƙi ya samu, amma wani yammaci ƙirjina ya riƙe, numfashina yana ƙara kamar fito. Gwaggo ba ta kalli tukunyar surace ba. Ta goya ni, duk da na wuce goyo, ta yi bakin titi neman abin hawa zuwa asibiti. Aka ba ni maganin shaƙa, na dawo hayyacina. A hanyar gida ta ce mini zuma ma tana da iyakarta, kuma wanda bai san iyakar maganinsa ba bai san maganin ba.

Washegari ta je ta cika alkawari, ta ce wa Baba a sare. Sai ya ce shi dai bana ya ga 'yarsa tana zuwa makaranta a bazara, abin da bai saba gani ba. Rimin ya tsaya.

Bayan rasuwarta aka sare shi, aka yi shaguna a wurin. Yanzu babu auduga a sararin Madabo, amma ɗana Sadiƙu yana atishawa irin tawa. Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da hayaƙin janareta da na adaidaita sahu, da tagogin da ba a buɗewa. Ina jin ba za ta yi faɗa ba. Za ta zauna ta lura da yaron, ta ga lokacin da abin ke taso masa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba ta haihu ba, ba ta bar gida ko gona ba. Amma kwanan baya a gidan suna a Shahuci, wata matashiya ta ji Sadiƙu yana tari, ta matso tana koya mini yadda ake jiƙa zani a rataya a taga, da abin da ake zubawa a ruwan surace. Ta ce a wurin uwar mijinta ta koya, ita kuma a wurin wata tsohuwa a Madabo da ta manta sunanta. Na saurare ta har ta gama, na yi mata godiya.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sanyaya makwancinta.