Hajiya Barira Habu da Tiyar Mahaifinta

Haihuwa da nasaba

An haifi Hajiya Barira Habu a shekarar 1963 a tsohon garin Agadas, cikin wani gidan ƙasa da inuwar hasumiyar babban masallaci kan taɓa katangarsa da la'asar. Mahaifinta shi ne Malam Habu mai awo, mahaifiyarta kuwa Indo, wadda sana'arta saƙar tabarma. Malam Habu bai yi dukiya ba, kuma bai yi sarauta ba, amma duk wanda ya san kasuwar hatsi a wancan zamani ya san cewa tiyarsa ɗaya ce, da ita yake saye kuma da ita yake sayarwa, har ya kai idan gardama ta tashi tsakanin fatake da 'yan gari a kan awon gero sai a aika a ɗauko ta. An riƙe masa wata magana da yakan maimaita, wai tiya ba ta san fuskar mai saye ba. A gindin rumfarsa ta kasuwa Barira ta tashi, tana share ƙasa tana kallon hannun mahaifinta, kuma a gidansu ba a gaji komai ba sai wannan suna.

Karatu da fara aiki

Bayan ta yi nisa a karatun allo, an saka ta lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1970, inda tun da wuri malamai suka lura da abu biyu a tare da ita, wato kaifin basira a lissafi da yawan tambaya, wanda na biyun ya ja mata bulala fiye da yadda na farkon ya ja mata yabo. Ta wuce kwaleji a nan Agadas, daga nan ta tafi makarantar horon malamai a Damagaram, ta dawo a 1983 da takardar koyarwa, aka ba ta aji a wata lakwal ta unguwar Dagmanet. Ɗalibanta na wancan lokaci, waɗanda yau wasunsu sun yi furfura, suna tunawa da ita a matsayin malamar da ba ta yarda da amsar da duk aji ya haɗa baki ya faɗa, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Aure da iyali

A shekarar 1985 aka ɗaura mata aure da Malam Alhassan mai gyaran rediyo, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, wanda akan yi masa ba'a cewa rediyoyin shagonsa da matarsa sun raba maganar gidan tsakaninsu ba su rage masa komai ba. Sun zauna a Dagmanet, Allah kuma ya albarkace su da zuriya. Daga cikin kayan da Indo ta haɗa wa ɗiyarta akwai wani shuɗin mayafi mai ƙyalli, wanda Barira ba ta yafa shi sai za ta wurin da take girmamawa.

Sondaji na farko da abin da ya biyo baya

Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu a farkon shekarun 1990, kowace parti ta ɗauki launinta da shugabanta, zannuwa da rawuna suka cika gari. Ba za a kama sunan ko ɗaya daga cikinsu a nan ba, domin wasu sun mutu, wasu sun sake suna, magoya bayansu kuwa suna nan da ransu. Gabanin zaɓen 1993 wani ƙaramin ofishin bincike na Yamai ya nemi masu ilimi da za su bi gidaje su tambayi jama'a wace parti da wane shugaba suka fi so, aikin da 'yan lakwal ke kira sondaj, mutanen gari kuma suka mai da shi sondaji. Aka damƙa wa Barira birnin Agadas. Saboda ta ɗauki aikin da daraja, sai ta ciro shuɗin mayafinta ta yafa, ta bi unguwanni tana sallama tana tambaya, ko'ina kuwa aka karɓe ta da tabarma da ruwan sanyi.

Natijar da ta fito, wato sakamakon tambayoyin, ta ba kowa mamaki, domin cikin kowane mutum goma kusan takwas sun ambaci wata ƙaramar parti mai launin shuɗi, wadda jagoranta a gari shi ne Alhaji Sule, wani mai motocin sufuri. Wata jarida ta buga labarin, yaran Alhaji Sule suka ɗora lasifika a kan mota suna zagaya gari suna shelar cewa ɗiyar Habu mai awo ta auna, kuma tiyar gidansu ba ta ƙarya. Shi kuwa Alhaji ya sayi raguna ya ɗaure, ya kira makaɗa tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Da aka ƙirga, partinsa ta zo can baya, ragunan kuma, tun da an riga an yanka, abokan hamayya ne suka fi kowa cin namansu.

Wannan al'amari ya zubar da mutuncin Barira ƙasa warwas. Wasu suka ce an saye ta, wasu suka ce a ɗaki ta zauna ta ƙaga, kuma daga wannan shekara duk maganar da ba ta da tushe sai a kira ta sondajin Barira. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne abin ya bi mahaifinta har rumfarsa, inda masu saye kan ce masa cikin raha ya auna musu da tiyarsa, ban da ta ɗiyarsa. Malam Habu yakan yi murmushi ya auna, amma iyalinsa sun shaida cewa ya rage zama a kasuwa. Bai taɓa zarginta ba. Ya rasu a 1994 ana cikin wannan hali, ya bar wasiyya a ba ta tiyar, ita kuwa ta kasa ko kallonta don baƙin ciki, ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙarƙashin gado.

Zaman Aderbissinat

A wannan shekarar ta nemi a sauya mata wurin aiki, aka tura ta Aderbissinat a kan hanyar Damagaram, garin makiyaya da masu kasuwar bakin hanya, inda ta yi shekara huɗu tana koyarwa. A can ne Allah ya nuna mata bakin zaren. Akwai wani mai gasa nama da ake kira Bahago, uban ɗaya daga cikin ɗalibanta, wanda ta ziyarci gidansa wata rana da shuɗin mayafinta, ya yi ta sa wa parti mai shuɗi albarka har ta tashi. Bayan 'yan makonni ta koma da wani mayafi na daban, sai ga Bahago yana yabon wata parti da shugabanta da irin wancan zafin. Da ta tuna masa maganarsa ta farko, bai ji kunya ba ko kaɗan, ya ce: "Malama, ke baƙuwa ce a zaurena. Na dubi mayafinki na ga inda kika dosa. A kan ƙuri'a zan ɓata wa baƙuwa rai?"

An ruwaito cewa ta yi dariya a wurin har da hawaye, sa'an nan ta koma masaukinta ta yi kuka na gaske. Ta gane cewa mutanen Agadas ba su yi mata ƙarya don mugunta ba, karamci ne suka yi mata, irin wanda ake yi wa baƙo idan aka ba shi tabarma mafi kyau, kuma ita ba ra'ayin gari ta auno ba, launin mayafinta ta auno. Ta tuna maganar mahaifinta, ta fahimci cewa muddin mai amsa yana kallon fuskar mai tambaya, to awon ya ɓaci tun kafin a fara.

Daga nan ta tsara hanyar aikin da aka san ta da ita. Ta daina shiga gida don sondaji sai da farin akoko marar ado. Ba ta zaɓen gidajen sani, takan tsallake huɗu ta shiga na biyar ko na wane ne. Ba ta ta da maganar siyasa sai an sha shayi na uku. Sa'an nan takan miƙa wa mai gida dabino ɗaya, ya ci, ya shiga bayan tabarmar da aka rataye, inda ta jera ƙananan tuluna masu ƙaramin baki, kowane da ƙyallen launin wata parti a wuyansa, da guda ɗaya marar ƙyalle don wanda bai yanke shawara ba. Ya jefa ƙwallon dabinon inda ransa ya so, ita kuwa ta juya baya tana hira da yara. Matan gida sukan shiga su kaɗai, ba a gaban mazansu ba.

Sondajin 1999

Ta dawo Agadas a 1998, kuma da zaɓen shekara mai zuwa ya ƙarato, ba wanda ya ba ta aiki, don ba ofishin da zai yarda a haɗa sunansa da nata. Ta ɗauki tulunanta a kan jaki, ita da wasu tsofaffin ɗalibanta mata, suka bi gari. Ranar ƙirga ta jawo tiyar mahaifinta daga ƙarƙashin gado, ta juye ƙwallayen kowane tulu a ciki ta lissafa. Ga abin da ya fito: parti mai shuɗi, ta Alhaji Sulen nan da gari ya mayar abin dariya, ita ce a gaba, ko da yake da ɗan rinjaye kaɗan. Shekaru shida da ya yi yana jigilar marasa lafiya da kai ruwa unguwanni a motocinsa sun yi masa aiki a zukatan mutane, amma ba mai son a ji shi yana yabon wanda ake yi wa ba'a.

Malam Alhassan, wanda bai saba sa baki ba, ya roƙe ta ta yi shiru har a yi zaɓe, in ya so in ta dace sai ta faɗa. Ta amsa masa da cewa: "Malam, wanda ya auna hatsi bayan an ci tuwo ai bai auna komai ba. In na sake kuskure, na san ni da sunan Baba mun tafi ke nan, amma abin da tiya ta ba ni shi zan faɗa." Ta je wani gidan rediyo mai zaman kansa ta karanta natijar da bakinta, ta kuma bayyana cewa awo ne ba duba ba, yana iya sauyawa kaɗan. Gari ya ɗauka da dariya, aka ce ciwon Barira ya tashi. Shi kansa Alhaji Sule ya aiko a gaya mata ta yi wa Allah ta bar shi, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, kuma ya hana a sayi ko kaza a gidansa.

Da aka ƙirga ƙuri'u, partinsa ta zo ta farko a birnin da ɗan rinjaye, kusan yadda ƙwallayen dabino suka nuna. Jama'a suka cika ƙofar gidansa don murna ba su tarar da abin yankawa ba, sai maƙwabta ne suka rufa masa asiri da shayi da gyaɗa. Washegari ya taka da ƙafarsa har Dagmanet ya nemi gafararta, ita kuma bayan tafiyarsa ta tafi kasuwar hatsi ta zauna a tsohuwar rumfar mahaifinta har azahar, tiyar tana kan cinyarta, masu awo suna zuwa suna gaishe ta ɗaya bayan ɗaya.

Shekarun hidima da tsufa

Daga shekarar 2000 ofisoshin bincike suka riƙa nemanta, ta horar da samari da 'yan mata masu yawa a jihar Agadas, kuma ba ta taɓa shiga wata parti ba, ko zanen kamfen ba ta yarda ya kwana a gidanta. 'Yan siyasa sun yi fushi da ita a lokuta daban-daban, kowa a shekarar da tulunsa ya yi sauƙi, amma sukan dawo su tambaya, wasunsu ma har suka koyi gyara tafiyarsu tun kafin jama'a su juya musu baya. Ta sauke farali a 2012. Da aka buɗe filayen zinariya a hamada, ta dage sai an kai tulunan har can, tana mai cewa ɗan ƙasa da ke cikin rami shi ma yana da ra'ayi a kan masu mulkinsa. Mijinta ya rasu a 2016, ita kuma ta yi ritaya daga koyarwa bayan shekara biyu. Lokacin da aka koma yin sondaji ta wayar salula ba ta yi gardama da zamani ba, sai dai takan gargaɗi ɗalibanta cewa murya ma tana da mayafi, su kula kada mai amsa ya ji inda suka karkata.

Rasuwa

Allah ya yi wa Hajiya Barira Habu rasuwa a shekarar 2022 a gidanta da ke Dagmanet, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara hamsin da tara. An yi mata sallah a masallacin unguwa, aka kai ta makwancinta kusa da kabarin mahaifinta kamar yadda ta roƙa. 'Yan jam'iyyu daban-daban sun halarci zaman makoki, kuma an lura cewa ba wanda ya zo da launin partinsa. Har yau a Agadas ana cewa sondajin Barira, sai dai yaran da suka taso ba su san an taɓa faɗin haka don ba'a ba, domin a wurinsu ma'anarsa maganar da aka auna aka tabbatar.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Shamsu, wanda ya gaji shagon mahaifinsa, Maimuna, ungozoma a Arlit, Bilyaminu, malamin lissafi a Damagaram, da autarta Rahma, wadda aka ba wa tulunan da farin akoko da tiyar kakanta Malam Habu, kuma ita ce yanzu take sallama a ƙofa ta biyar. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa awonta ya yi nauyi a ranar da za a auna kowa.