Yadda Kashin Shanu Ya Ceci Kurminmu

Sun ce ba zai yiwu ba. Dattawan ƙauyenmu sun ce itacen kurmi ba ya ciyar da kowa sai an kwantar da shi, matasa kuma suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Abin da ya biyo bayan wannan magana ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi.

Shekara talatin da biyu na yi a aikin jirgin ƙasa, na kuma ajiye aiki ina shugaban tasha. Da na koma ƙauyenmu, kusa da Kafanchan, na tarar da kurmin bayan gari yadda na bar shi: ɗorawa, atili mai 'ya'yan da ake matse mai, kaɗanya, da idon ruwan da ba ya ƙafewa ko a tsakiyar rani. A shekarar da cuta ta cinye mana citta a gona, mutane suka shiga matsi ƙwarai. Sai ga wani ɗan kasuwar gawayi daga wajen Kachia ya zo da tayin sayen kurmin ɗungurungum. Ban ga laifin waɗanda suka amince ba, domin na san abin da ke cikin rumbunansu.

A taron ƙofar dagaci na miƙe, na ce idan aka sare itatuwan nan idon ruwan zai bi su, matanmu su koma ɗiban ruwan kududdufi. Na ce na karanta yadda ake kiwon ƙudan zuma a akwati, ba tare da an ƙone su da wuta kamar yadda muka saba ba. Aka yi dariya, amma dagaci ya dubi furfurata ya ba ni wa'adi.

"Baba Masta, daga yau zuwa Ista. In ba mu ga komai ba, injin yankan itace zai shiga kurmin."

A nan girman kaina ya kusa kashe maganar. Na sa kafinta ya ƙera akwatuna goma sha biyu daidai da awon littafi. Na shafe su da farin fenti mai ƙyalli, na rubuta wa kowanne lamba, na jera su a fili bakin kurmi a miƙe kamar taragai a tasha. Kowace safiya nakan sa kwat ɗina in je dubawa. Wata ɗaya, wata biyu, har Kirsimeti ta wuce, babu abin da ya shiga sai tururuwa da ƙadangare guda. Ɗan kasuwar ya riga ya aiko an yi wa manyan itatuwa alama da jan fenti. Uwargidana ta lura na daina cinye tuwona.

Wata safiya ina tsaye gaban akwati na bakwai sai ga Arɗon Fulanin da ke zaune gefen kurmin, sa'ana ne, shanunsa kuma a idon ruwan nan suke sha. Ya zagaya akwatunan, ya sunkuya ya sansana ɗaya, ya yi murmushi.

"Masta, bariki ka gina musu. Su kuwa 'yan daji ne, ba su san Turawa ba."

Ya ce warin fenti ke korar su, rana kuma ta yi musu yawa a fili. Ya ce tun kakanninsa, in za a ɗora amya sai an shafe ta da ɗanyen kashin shanu, a turara cikinta, a goga kakin zuma, sa'an nan a kai ta inuwar ɗorawa lokacin da take fure. Na amsa masa da cewa littafina bai faɗi haka ba. Ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ƙudan zuman sun karanta littafin.

Kwana uku ina fushi. A na huɗu uwargidana ta ajiye mini tsohon bokiti a bakin ƙofa, ta ce, "Maigida, kwat ɗin dai ka cire kafin ka tafi." Ni da na taɓa tsayar da jirgi da ɗaga hannu ɗaya, na durƙusa a rugar Arɗo ina kwasar kashin shanu. Ni da Arɗo muka kankare fentin, muka shafe lambobina ɗaya bayan ɗaya da kashin shanun, muka rarraba akwatunan a ƙarƙashin ɗorawa yadda Arɗo ya ga dama, ba layi ba tsari.

Ran kwana tara na ji ƙugin ƙudan zuma tun kafin in iso. Na tsaya na cire hulata. Ban san lokacin da na fara waƙar yabo ba.

Bakwai ne suka kama cikin goma sha biyun. Ana gobe Ista, da sassafe, muka buɗe huɗu a gaban dagaci da jama'a, da ɗan hayaƙi kawai, babu wuta. Saƙar zuman ta fito fara, cike, mai nauyi, ƙudan kuma suna nan da ransu za su sake yi. Matan majami'armu, waɗanda uwargidana ta tara ba da sanina ba, suka kawo kwalaben man atili da daddawar da suka haɗa daga kurmin nan, suka ce masu saye a kasuwar Kafanchan har tambaya suke yi. Dagaci ya lashi yatsarsa, ya daɗe yana kallon jan fentin da ke jikin wata tsohuwar ɗorawa. Sa'an nan ya ce a gaya wa mai gawayi ya nemi wani wuri.

Sai a lokacin na zauna a kan saiwa. Yau gidaje da dama na da akwatunansu, yaranmu na shan zuma a koko maimakon sukari, idon ruwan kuma yana gudu.

Abin da na koya shi ne, ilimin littafi ya nuna mini cewa kurmi na iya ciyar da mu yana tsaye, amma sai da na durƙusa wa ilimin maƙwabcina kafin hakan ta tabbata. Na roƙi 'ya'yana su rubuta ranar a bangon Littafi Mai Tsarki na gidanmu, inda muke rubuta haihuwa: Asabar, jajibirin Ista, shekarar da na cika saba'in da uku. A ƙarƙashinta kuma su sa cewa Arɗo ne ya yi gaskiya.