Yaya Hajo ce ke fara taɓawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka binne yayata Hajo ban sake rubuta komai a nan ba. Na ga gaisuwarku duka, Allah ya ba da lada. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Yau zan faɗi abin da ko jikokina ba su sani ba. Na yi kuturta ina yarinya, kuma na warke.

Lokacin Nasara, wato Bature mai mulki, bai tafi ba. Muna wani ƙauyen Kurfai, tafiyar hantsi daga Filinge. Wani tabo ja-ja ya fito mini a bayan hannun dama, ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Inna ta ce makero ne, ta shafa mini toka da man shanu.

Wata rana muna girki, Hajo ta ji ƙauri. Ta juyo ta ga yatsuna biyu a bakin tukunya suna ƙonewa, ni kuwa ina ta ba ta labari. Ta fizge hannuna, ta daɗe tana kallonsa.

Na taɓa ganin wani dattijo a kasuwar Baleyara yana ɗaukar ƙwarya da dungu. Daga ranar nan, duk na kalli hannuna nasa nake gani.

Baba ya sayar da akuya aka karɓo sassaƙe, na sha, na yi wanka. Tabo ya ƙaru. Aka ware mini ƙwarya da tabarma.

Sai aka ji wani malamin likita na zuwa bisa raƙumi kowace ranar kasuwa, yana zama ƙarƙashin gawo da wata sabuwar ƙwaya. Mutane na gudunsa, don yana tsaga kunne ya shafa a gilashi, ana cewa jininmu Nasara ke tarawa. Baba ya ce 'yarsa ba za ta je ba.

Hajo ta dama fura, ta ce talla za mu. Haka muka je.

Malamin Bazabarme ne, Hausarsa duk a karkace. Ya sa na rufe ido, yana taɓa ni da auduga, ya ce in nuna inda na ji. A kan tabon ban ji komai ba. Da ya ɗauko aska na fara kuka, sai ya ce kunnen nan nawa ya ishi mutum biyu, kaɗan zai ara. Na yi dariya da majina.

Hajo ta tambaye shi kai tsaye ko yatsuna za su zube. Bai yi mana ƙarya ba. Ya ce maganin sabo ne, manyan likitoci na can suna bincike a kansa, shi ya sa ake aika musu gilashin su ga ko ciwon na raguwa.

Sannan ya ce, "Ƙwayar za ta yi faɗa da ciwon. Amma wuta da ƙaya su ke cin yatsu, don ba ta ji. Sai wani ya riƙa ji mata."

Hajo ta ce, "Ni za ni ji mata."

Daga nan ba tukunya, ba ludayi, ba ruwan wanka da zan taɓa sai ta fara sa hannu. Da yamma ta duba mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta cire ƙaya, ta shafa mai. In na yi gardama ta ce, "Malalaciya, kin samu dalilin gudun murhu, kawo hannun."

Ƙwayar a gabansa ake haɗiyewa, ba a biyan ko tamma. Abin da muke biya shi ne yinin gona da ƙarya ga Baba.

Cikin damina maganin ya kayar da ni. Zazzaɓi, jiri, jiki ya ɗashe, hannu na zogi. Na ce na bari. A nan Baba ya gane, ya yi faɗa, ya ce sun gwada abinsu a kaina. Hajo ta durƙusa ta buɗe masa tafin hannuna, ta ce ya duba ko akwai sabon gyambo. Babu. Washegari shi ya ɗora ni a jaki zuwa likitar Filinge. Lokotoro, babban likita Nasara, ya duba idona, ya rage ƙwayar, ya ce abin da ya same ni zai taimaka musu su san gwargwadon da za a ba yara.

Shekaru muka yi muna zuwa gindin gawon nan. Hajo har da goyo ta raka ni. Ranar da malamin ya ce gilashina ya fito fes, a hanya ta sa hannu cikin ƙwaryata muka sha fura tare.

Yatsun nan biyu ba su sake jin zafi sosai ba. Ita ma Hajo ba ta daina fara taɓawa ba. Mun yi aure, mun tsufa, in na je gidanta aka kawo shayi, sai ta fara taɓa kofin.

Ina godiya ga Allah, da malamin nan da ban riƙe sunansa ba, da masu duba gilashi da ban taɓa gani ba. In na ji ana binciken sabon magani na kowane ciwo, addu'a nake musu.

Ku kuma, tabon da ba ya jin taɓi, a kai shi likita da wuri. Yanzu maganin watanni ne, ba shekaru ba. In za a ɗebi wani abu a jikinku, ku tambaya a yi muku bayani, haƙƙinku ne, amma kada ku gudu. Kada ku bar magani don ya wahalar da ku, ku koma ku faɗa. Kuma kada ku ware wa mai ciwo ƙwarya.

A jinyarta ta ƙarshe Hajo ba ta gane mutane sosai. An miƙo mini kunu in ba ta. Kafin in karɓa, ta ɗago hannu da ƙyar ta dafa kwanon.

Ta ce, "Bari shi huce, Zali."

Da yatsun da ta tsare mini na rubuta wannan. Ku sa ta a addu'a.